Ƙwai 12 a Cikin Aji: Wasiƙa daga Manchesta

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa, manya da yara, da fatan damina ta sauka lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai kewar gida. Ku yi haƙuri da gajartar gaisuwar, don in na tsaya bin gida-gida takarda za ta ƙare ban faɗi abin da ya sa na zauna rubutu ba.

Hoton 'yan tsakin nan ne da na saka a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin abokan aiki. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce, "Malama, kiwon kaji kika koma?" Waccan ta ce, "Wai da gaske a cikin aji suke kwana?" Yayata kuwa murya ta aiko, tana dariya har da tari, wai duk karatun Turan da ake ta yayatawa ashe kallon kaza ne, ai da an bar mata autata a ƙauye. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in haɗa kowa. Masu tambayar abinci da kuɗin haya da yadda muke azumi, ku ma zan zo kanku.

Autata tana ajin share fage ne a wata makarantar gwamnati ta unguwarmu. A nan Ingila yaro yana shiga wannan aji a watan Satumba bayan ya cika shekara 4, ba a biyan ko sisi, kuma doka ta hana a tara ƙananan yara fiye da 30 a hannun malami guda. Ni da na yi shekara tara ina riƙe da aji ɗaya da aji biyu a gida, zaman ɗaki ya ishe ni. Sai na je na ce zan riƙa taimaka wa malamar safiya biyu a mako, ba da albashi ba. A zatona za a ce, "Bismillah, ga kujera." Ina!

Aka miƙo mini fom. Na cike, aka miƙo wani. Kafin babba ya zauna da yaran mutane a ƙasar nan sai wata hukuma da ake kira DBS ta bincika ko an taɓa kama shi da laifi. Ga mai aikin sa-kai binciken kyauta ne, wahalar tana wajen takardu. Fasfo, da shaidar izinin zama, da wata takarda ta banki ko ta kuɗin wuta mai ɗauke da sunana da adireshina, kuma kada ta wuce wata uku. To ni duk takardun gidan da sunan maigida suke zuwa. Sai da na buɗe asusu, na jira takardar farko ta iso. Daga nan aka ce in rubuta duk inda na zauna a shekara 5 da suka wuce, wata bi wata, ba giɓi. Nan fa ake yin ta. Gidanmu na gida adireshinsa shi ne bayan masallacin Juma'a, layin mai injin markaɗe, ƙofa mai shuɗin fenti, kuma duk ɗan acaɓan garin zai kai ka ba tare da tambaya ba. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba, lambar gida take so da lambar gidan waya. Ni da sakatariyar makaranta muka yi kusan awa muna lallaɓa ta. Da muka gama, sai ta ce ai binciken nasu bai ƙetare teku, tunda na zauna a waje sai na kawo takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya. Ƙanena ya sha zirga-zirga a kan wannan, Allah ya saka masa. Bayan haka mutum biyu da za su shaide ni a rubuce, sai wani ɗan kwas a intanet kan kare yara, sai littafin ƙa'idoji da na sa hannu cewa na karanta. Na nemi aikin a Satumba, ban taka cikin ajin ba sai tsakiyar Nuwamba.

Na yi mita har maigida ya gaji da ji. Daga baya wata tsohuwar ma'aikaciya ta ba ni labarin abin da ya ƙara tsaurara lamarin: a 2002, a wani ƙaramin gari mai suna Soham, mai kula da ginin wata makaranta ya kashe yara mata biyu, bincike kuma ya nuna an sha kai ƙararsa a wani yanki amma labarin bai biyo shi ba. Da na ji haka bakina ya mutu. Na tuna mutum nawa ne ke shiga harabar makarantunmu ba wanda ya san daga ina suke. Duk da haka wata biyu da rabi ya yi yawa, wannan kam ban janye ba. Kuma a cikin ƙa'idojin da na sa wa hannu akwai cewa ba a ɗaukar hoton ɗan kowa, waya ma a loka take kwana har a tashi. Shi ya sa 'yan tsaki kawai kuka gani, su ma malamar ce ta ɗauka ta tura wa iyaye.

Ranar farko da na je, na yi shiga ta mutunci, atamfa da mayafi da ɗan takalmi mai kyau. Malamar ta dubi ƙafata ta yi murmushi, ta ɗauko mini wasu takalman roba masu kai wa gwiwa irin na masu aikin kwata. Ashe waje za mu fita. Jama'a, duk wanda ya ce muku ya san sanyi don ya yi hunturu a Jos ko Funtuwa, ku ce ina gaishe shi. Namu sanyin busasshe ne, hantsi na yi ya sake ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi ba ya tsayawa, iska tana shiga ta wuyan riga ta sauka har ƙashi. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, wato da fitilun titi a kunne muke kai yara, muna dawowa gida duhu na biyo mu. Kuma ba a fasa fitar da yara. Kowane yaro da ƙugiyarsa a bango, da rigar ruwa da hula da safar hannu. Sanya wa yara 30 wannan kaya kaɗai minti ashirin ne, kuma ana gamawa wani zai ce fitsari yake ji. A gida da an ga hadari ake kaɗa ƙararrawa kowa ya gudu. Ni ma haka na so a yi, wallahi. Yanzu da nake rubutun nan wai bazararsu ce, mutane na yawo da gajeren wando, ni kuwa da suwaita a jikina.

A cikin sanyin nan ne na fara ganin yadda suke koyar da dabbobi. A ƙarshen Janairu wata ƙungiyar kare tsuntsaye mai suna RSPB takan nemi mutanen ƙasar su zauna awa guda su ƙirga tsuntsayen da suka sauka a bayan gidansu, abin da aka fara tun 1979, kuma makarantu ma suna da nasu a wannan tsakanin. Kwana biyu kafin nan yara suka cuɗa kitse da tsaba, suka danna a ƙananan kofuna, aka rataye a reshe. Ranar ƙirga aka ba kowane rukuni takarda mai hotunan tsuntsaye, wanda aka gani a ja masa layi. Yatsuna sun ƙage, hanci na zuba, amma yaro ɗan shekara huɗu ya tsaya cik yana raɗa mini in yi shiru kada in kori wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji. Mun ga tantabaru, mun ga gwara, mun ga wani baƙi da fari mai kama da hankaka sai dai wutsiyarsa ta fi tsawo. Da aka koma ciki aka jera murafun kwalba, kowane tsuntsu da layinsa, aka ga layin wa ya fi tsawo. Lissafin ranar ke nan. Ba wanda ya ce musu lissafi suke yi.

Haka aka yi da bushiya. Tasu tana kwanciya barci tun daga wajen Nuwamba har Maris, don haka yara suka yi mata ɗaki da kwali da busasshen ganye a gindin shinge. Ta yi ƙaranci sosai a ƙasar, har ana roƙon mutane su huda ƙasan katangarsu kamar santimita 13 don ta riƙa wucewa daga gida zuwa gida. Abin da ya ba ni dariya, irin tamu ta Afirka, wadda yaranmu ke mirginawa da kara a bayan gari, ita ce wasu ke saye da kuɗi a nan suna ajiyewa a ɗaki kamar kyanwa.

To, ƙwan. Bayan hutun Ista malamar ta kawo ƙwai 12 daga wajen wani mai gona, da wata 'yar na'urar ƙyanƙyasa mai murfin roba da ake ganin ciki. Aka saita zafinta a digiri 37.5, aka zuba ruwa a wani ɗan kwari don iska ta yi laima. A bango aka manna zanen ƙwai 21, kullum da safe yaro ɗaya ya soke guda. Aka rubuta wa kowane ƙwai lamba da fensir. Ni a raina na ce, yau ga abin da na fi kowa sani. A gidan da na tashi kaji sun fi mutane yawa. Na san kaza mako uku take kwanci, na san Inna takan sa mata ƙwan zabi ta kwanta a kai ta ƙara kusan mako guda, na san agwagwa sai ta yi mako biyar.

A kwana na takwas aka rufe labule, aka kashe fitila, malamar ta ɗora ƙwai a bakin tocila. Sai ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwar bishiya, da wani ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Ajin ya yi tsit. Ni ma na matsa, na manta ni babba ce. Shekara nawa ina ɗaukar ƙwai daga akurki, ban taɓa leƙa cikinsa da rai ba. Uku daga ciki haske ya ratsa su fayau, ba komai. Na ce wa malamar mu baragurbi muke ce wa irin waɗannan in sun daɗe, ta sa na maimaita, yara suka kama kalmar suka yini suna kiran juna da ita.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, ta ina yake numfashi tunda ba ƙofa? Na tuna kacici-kacicinmu, ɗakin saurayi ba ƙofa, amma amsar tambayarta ba ni da ita. Malamar ba ta yi saurin faɗa ba. Ta ce kowa ya faɗi zatonsa, ta rubuta duka a allo, har na wanda ya ce ba ya numfashi sai ya fito. Washegari ta zo da ƙwai na kanti, ta saka a kofin gilashi mai ruwan ɗumi. Can sai ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ɓawon. Ashe ɓawon ƙwai cike yake da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, kuma a ɓangarensa mai faɗi akwai wani ɗan ɗaki na iska. Nan tsakon ke fara huda bakinsa in lokaci ya kusa.

A kwana na 18 aka daina juya ƙwan, aka ƙara ruwa, aka ce kada kowa ya buɗe murfi. A na 20 wani yaro ya rantse ya ji kuka. Aka yi shiru, aka kasa kunne, sai ga 'yar siririyar murya daga cikin ƙwai wanda ko tsagewa bai yi ba. Na tambayi Inna a waya daren nan, ta ce, "Ke sai yau kika sani? Ai uwar ma amsa musu take yi." Ashe ilimin yana gidanmu, ni ce ban taɓa tsugunawa ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini wannan ma karatu ne.

Na farko ya fito ana tsakiyar cin abincin rana, jiƙe sharkaf, mummuna, ya kwanta kamar matacce. Wasu yara suka fara kuka. Malamar ta nuna musu wani ɗan tsini fari a kan bakinsa, wanda da shi ya fasa ɓawon kuma zai faɗi bayan 'yan kwanaki. Ta ce a bar shi ya bushe, ba ya buƙatar abinci yanzu don ya shanye gwaiduwa kafin ya fito. Takwas suka fito. Ɗaya ya huda ya gaji, ya mutu a ciki. Na ɗauka za a ɓoye wa yara, sai na ga an faɗa musu kai tsaye, aka binne shi a gindin bishiya. Sauran kwanakin kuwa komai a kan 'yan tsaki yake. Ana auna su a sikeli a rubuta, ana zana su, kuma ba a yarda yaro ya zana daga ka ba, sai ya duba: yatsu nawa a ƙafa, ina kunnen yake, fiffike ya fara gashi ko bai fara ba. Zanen ranar farko da na rana ta goma, in kuka gani ba za ku ce hannu ɗaya ne ba.

Kuskuren da na tafka shi ne ranar da wani yaro ya tambaye ni ko muna da kaji a ƙasarmu. Na ce da yawa. Ya ce me muke yi da su. Na ce muna cin ƙwansu, in an yi baƙo kuma a yanka ɗaya. Ya ƙura mini ido, ya matsa ya tare akwatin tsakin da jikinsa. Ashe bai taɓa haɗa naman da ke cikin leda a kanti da abin da ke tafiya da ƙafa biyu ba. Malamar ta zaunar da su ta yi bayani a hankali, amma yaron ya yi mako ba ya zama kusa da ni. Mu dai mun san sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A nan ina ganin yaronmu ya fi nasu tsayuwa da ƙafarsa. Yaron da ya yi wata uku yana ba ragon layya dusa, ya yi kuka ranar Sallah, kuma ya ci soye da yamma, ya san daga ina abinci yake zuwa.

Wani makon kuma aka ce na dabbobin Afirka ne. Aka fito da zaki da giwa da raƙumin dawa da jakin dawa na roba, aka ce in zo in ba da labari tunda daga can nake. Suna jira in ce zaki na ratsa ƙofar gidanmu. Na ce musu ni zakin farko da na gani a gidan zu na Kano ne, a cikin keji, kamar yadda su ma suke gani. Giwa sai an je Yankari, raƙuman dawa irin na yankinmu kuwa ragowarsu suna Nijar, wajen Kure kusa da Yamai. Sai na nuna musu hotunan abin da na sani: jaki da mangala, raƙumi ɗauke da kaya, zabi, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, bijimin Bunaji mai tozo. Wanda ya tafi da hankalinsu shi ne ragon Uda, gaba baƙi baya fari kamar an raba da ruler. Suka ce fenti aka yi masa. Kuma suka kasa yarda tunkiya ce, don tasu duk ulu ne a jiki, tamu kuwa gashi ne kwance. Na koya musu "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa "Ta zo mu ji ta" da irin harshensu, na yi musu ta gizo da kura. Kura ce ta fi burge su.

Abin da ya taɓa ni ya faru ne a ƙarshen makon. A Afrilu tsattsewa ke dawo musu, kuma malamar tana da taswira a bango da jan zare daga Ingila, ya ratsa Faransa da Sifen, ya tsallake Sahara, ya gangara har Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 10,000. Ta ce in sa yatsa a garinmu. Na sa, sai ga shi dab da zaren. Ashe tsuntsayen Turai da yawa a wajenmu suke cin hunturu, dausayin Haɗeja da Nguru cike yake da su a lokacin. Yara suka ce in gaya wa mutanen gida su kula musu da su. Na ce to, na kuwa tuna samarin unguwarmu da danƙo a aljihu. Na ba su labarin shamuwa, yadda in ta sauka a kan kuka ko rimi manoma ke fara gyaran gona don ruwa ya kusa. Malamar ta rubuta sunan a taswirar.

Kada dai wani ya karanta wannan ya je ya kwafa ido rufe. Akwai darasin da suke so ƙwarai, na farautar ƙananan halittu. A ba yara gilashin ƙara girma, su bazu suna ɗaga duwatsu da ruɓaɓɓen itace, suna tsinto tana da dodon koɗi da ƙadandoniya da hannu. Ranar farko da na ga yaro ya cusa hannu ƙarƙashin dutse na daka tsawa da Hausa ban sani ba. Su macijinsu mai dafi iri ɗaya ne tak a duk ƙasar, shi ma ba a cika ganinsa a gari ba, kunama kuwa ba ta cikin lissafinsu. Mu in ka ɗaga dutse ba ka san wa za ka tarar ba, kuma duk wanda ya san Kaltungo ya san aikin kububuwa. A wajenmu darasin sai ya fara da abin da ba a taɓawa, da juya dutse da sanda, da sa takalmi in za a gona. Haka maganar kare. Su sun daɗe da raba karnukansu da ciwon hauka. Namu yaro ya kamata ya haddace cewa in kare ya cije shi a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a ɓoye don tsoron duka.

Wanke hannu kam sun fi mu, kuma da dalili. Da za mu je wata gona kallon haihuwar tumaki, takardun da aka cike sun kusa na bizata. Mataimakiyar malamar da ke da juna biyu ma an hana ta zuwa, don akwai cututtukan tumaki masu haihuwa da ke taɓa ciki. A 2009 mutum fiye da 90, akasarinsu yara, sun kamu da wata muguwar cutar ciki bayan ziyarar irin wannan gona a kudancin ƙasar, tun daga nan ba a wasa. Aka jera yara a famfo kafin ci da bayan taɓa kowace dabba. A gonar ne kuma na ji cewa kowace saniya a ƙasar nan tana da fasfo nata, da lamba a kunne biyu. Na ce Allah sarki Baffa, da ke gane shanunsa sittin da suna da kamanni.

Tun da na fara zuwa ajin nan nake tuna nawa. Yara 87 ne a rajistata ta ƙarshe. Na tuna ina tsaye da alli ina cewa "Akuya dabbar gida ce," suna maimaitawa da ƙarfi, sau biyar, sau goma. A daidai lokacin akuya ta gaske tana bakin taga tana cin takardar wani, ni kuma na aiki monita ya kore ta don tana hana mu karatu. Ban taɓa cewa ku dubi idonta ba, ku ga ƙwayar a kwance take ba kamar tamu ba. Ban taɓa tambaya ko tana da haƙoran gaba a sama ba, alhali rabin ajin su ke kai ta kiwo, kuma da na tambaya da sun koya mini. Na san uzurinmu, ni ma na sha faɗarsa: yawan yara, ba kayan aiki, ba wuta, ga manhaja na jiran a ƙare. Gaskiya ne duka. Amma na'urar nan tasu kwaikwayon kaza take yi, mu kuwa kazar muke da ita. Maƙwabciyar makaranta ba za ta hana a leƙa akurkinta da yara goma-goma ba. Yanzu da ruwa ya sauka kowane kududdufi cike yake da talibambam, tsohuwar roba da ɗan gansakuka sun isa a ga ƙafafun baya sun riga na gaba fitowa, wutsiya ta shanye, a mayar da su inda aka ɗebo. Yaranmu tun ba yau ba suke gina shanun laka a bakin rafi, mu ne muke dukansu don sun ɓata yunifom. In an share yashi da yamma a bayan aji, da safe sawun wa da wa za a tarar? Malamin Islamiyya ma yana da ƙofar shiga, ga surorin saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, ga hadisin matar da ta kulle kyanwa da na mutumin da ya shayar da kare. Ban ce zai hana jifan ƙadangare gaba ɗaya ba, na san 'ya'yanmu.

Akwai kuma ungulu. Da muna yara ba a ƙirga su a mahauta. Zuwana gida na ƙarshe ko ɗaya ban gani ba, kuma tun 2015 aka saka irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ɗan ƙanwata ya san karin maganar ungulu da kan zabo, amma da na nuna masa hotonta ya ce talotalo ce.

Maganar abinci: ana samun komai a shagunan 'yan Afirka da 'yan Pakistan, har kuka da daddawa in an yi sa'a, sai dai kada ka mayar da farashin zuwa naira in kana son barci. Haya kuma ku bar ta kawai. Azumi sai wata wasiƙar.

'Yan tsakin sun koma gona bayan kwana goma. A nan ma ba kowa ke son wannan shiri ba, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ba ta goyon bayan ƙyanƙyasa a aji, musamman saboda zakarun da ba mai so. Da na ji haka na ce a ba ni biyu, ni na san yadda zan yi da su. Sai aka ce tun 1 ga Oktoba 2024 ko kaza ɗaya gare ka sai ka yi mata rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye, ga mai gidan haya sai ya yarda a rubuce, ga maƙwabta da za su kai ƙara in zakara ya yi cara da asuba. Wani fom ɗin ke nan. Na ce na yafe.

Ina da roƙo guda. Jiya auta ta nuna mini malam-buɗe-littafi a taga, ta kira shi da Turanci, na tambaye ta sunansa da Hausa ta yi shiru. Na zauna zan rubuta mata sunayen tsuntsaye, na kai balbela, zalɓe, gauraka, hazbiya, carki, shirwa, kurciya, sai kaina ya tsaya. Yaya, don Allah in kin je wajen Inna ki kunna mata waya ta jero duk wanda ta sani, da yadda kowanne ke kuka, da lokacin da yake zuwa. Kada ki katse ta ko ta shiga wani labarin. Malamar ma ta ce tana so yara su ji, Alhamis mai zuwa nake da aji.

Taku,
'yar'uwarku a Manchesta.